Bugun Zuciya da Magungunan da Ke Daidaita Shi

Kafin ka ci gaba da karatu, ajiye biro ka miƙa hannunka na hagu, tafin yana kallon sama. Ɗora yatsu biyu na hannun dama, manuniya da na tsakiya, a kan wuyan hannun, daidai gindin babban yatsa. Danna a hankali. Za ka ji wani abu yana harbawa a ƙarƙashin fata. Dubi agogo ka ƙirga har minti ɗaya ya cika. Idan a zaune kake, kuma ba yanzu ka dawo daga guje-guje ba, mai yiwuwa ka sami tsakanin 60 da 100. Wannan shi ne bugun zuciyarka. Ka lura da abu na biyu kuma, wanda ya fi adadin muhimmanci a darasinmu na yau: tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ɗaya ce, kamar takun sojan da ke fareti.

Bahaushe ya daɗe da lura da wannan motsi. Idan mutum ya tsorata sai a ce gabansa ya faɗi. Idan fargaba ta yi yawa sai a ce zuciyarsa tana dukan uku-uku. Irin wannan na zuwa ya wuce, kowa ma yakan ji shi ranar jarrabawa. Amma akwai mutanen da bugun zuciyarsu ke rikicewa ba tare da tsoro ko gudu ba. Wani nasa ya yi sauri ainun, wani ya yi nawa, wani kuma ya riƙa tsallake bugu. Su ne za mu yi magana a kansu, da magungunan da likitoci ke ba su.

Wa ke ba zuciya umarni?

Girman zuciyarka bai wuce na dunƙulallen hannunka ba, amma tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana, tana tura jini kimanin lita biyar a minti ɗaya. Ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama su karɓi jini, na ƙasa su tura shi zuwa huhu da sauran jiki. Tsakanin ɗakunan akwai ƙyamare masu buɗewa ta gefe guda kawai, don kada jini ya koma inda ya fito.

Abin da ke sa naman zuciya ya matse shi ne lantarki, ɗan kaɗan, wanda ita zuciyar ke samarwa da kanta. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke aiki kamar makaɗi a dandali. Shi ke ba da kiɗa, sauran sassan zuciya su taka rawa daidai da shi. Saƙon da ya aika yakan bi ta ɗakunan sama, ya isa wata mahaɗa da ke tsakiya, a ɗan tsayar da shi can kafin ya sauka ƙasa. Wannan ɗan jinkiri ne ke ba ɗakunan ƙasa damar cika da jini kafin su matse. Likitoci na iya ganin tafiyar wannan lantarki a kan takarda ta hanyar awon da ake kira ECG. Willem Einthoven, ɗan ƙasar Holan, shi ya ƙera na'urar da ta sa awon ya yiwu, kuma ya sami lambar yabo ta Nobel a 1924 saboda ita.

Rikicewar da aka fi gani a wajen manya ita ce wadda za mu kira karkarwar ɗakunan sama. Ka san yadda aji ke zama idan malami ya fita, kowa yana magana, ba mai sauraron wani. Haka ɗakunan sama ke zama. Saƙonni barkatai su taso daga ko'ina, ɗakunan su daina matsewa, su koma karkarwa. Mahaɗar tsakiya ta hana yawancin saƙonnin wucewa, amma waɗanda suka tsallake ba su da tsari. Idan ka taɓa wuyan hannun mai wannan ciwo za ka ji bugu uku da sauri, sai shiru, sai ɗaya, sai biyu. Yakan ji gajiya, ko jiri, ko numfashinsa ya riƙa sarƙewa idan ya hau bene. Wani kuwa ba ya jin komai.

Daga dafin kibiya zuwa kantin magani

Mafarautan ƙasar Hausa na dā sun san wata shuka mai yaɗo da ake kira kwankwani. Da 'ya'yanta ake haɗa dafin kibiya. Dabbar da aka harba ba ta yin nisa sai ta faɗi, domin dafin zuciya yake kamawa. Al'ummomi da dama a Afirka sun yi amfani da dangin wannan shuka. Wani likita mai suna John Kirk, wanda ya raka David Livingstone tafiyarsa ta kogin Zambezi, ya ajiye samfurin dafin a jaka ɗaya da buroshin haƙorinsa. Da ya goge baki sai ya ji ɗaci, ya kuma lura bugun zuciyarsa ya ragu. Daga baya Thomas Fraser na jami'ar Edinbara ya tace sinadarin da ke ciki, kuma a shekarun 1880 aka fara ba masu ciwon zuciya shi. Abin da ke kashe barewa, idan aka rage shi ƙwarai, sai ya ƙarfafa zuciyar da ta gaji.

Tun kafin wannan, a 1785, wani likitan Ingila, William Withering, ya wallafa sakamakon binciken da ya yi na shekara goma a kan wani fure da ake kira dijitalis. Ya ji labarin wani haɗin gargajiya da ake ba masu kumburin jiki, ya bi ganyayyakin da ke cikinsa har ya gano wanda ke aikin. Babban abin da ya yi shi ne awo. Ya rubuta adadin da ke taimako da adadin da ke sa amai. Daga dangin wannan fure aka samo digozin a 1930, kuma har gobe ana ba da shi a asibitocinmu. Digozin yana ƙara wa bugu ƙarfi, yana kuma rage saurinsa ta hanyar tsananta gadi a mahaɗar tsakiya. Sai dai tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke guba ƙanƙanuwa ce. Idan ya yi yawa a jini, mutum zai ji tashin zuciya, abinci ya fita kansa, wani lokaci ya riƙa ganin abubuwa sun koma ruwan ɗorawa. Da yake ƙoda ce ke fitar da shi, tsofaffi da masu ciwon ƙoda sun fi shiga haɗari.

Zazzaɓin cizon sauro ma yana da hannu a wannan tarihi. A 1912 wani ɗan kasuwa mai fama da karkarwar ɗakunan sama ya gaya wa likitansa, Karel Wenckebach, cewa shi ya san maganin abinsa. Duk lokacin da ya sha kwinin, maganin zazzaɓi, sai bugunsa ya daidaita. Likitan ya gwada, ya ga akwai gaskiya a maganar. A 1918 Walter Frey ya nuna cewa kwinidin, ɗan'uwan kwinin da ake samu daga ɓawon itace ɗaya, ya fi shi iya wannan aiki. Ka riƙe wannan labari, domin yana da wata fuskar. Maganin da zai iya taɓa lantarkin zuciya ya gyara shi, zai iya taɓa shi ya ɓata. A watan Maris na 2020, lokacin da aka yi ta raɗe-raɗin cewa kulorokwin na maganin korona, hukumomin lafiya a Legas sun ba da sanarwar an kwantar da mutanen da suka sha shi fiye da kima. Babban haɗarin yin haka a zuciya yake.

Abin da likita ke dubawa

Idan aka kawo mai karkarwar ɗakunan sama, likita yakan yi wa kansa tambayoyi. Shin ya isa a rage saurin bugun kawai, ko sai an maido da shi kan tsarinsa na asali? Kuma yaya za a kare wannan mutum daga shanyewar ɓarin jiki?

Don rage sauri, an fi amfani da magungunan da ke toshe tasirin adirenalin, wato sinadarin da jiki ke fitarwa idan an firgita, wanda ke zaburar da zuciya. James Black ɗan Birtaniya ne ya ƙirƙiro furofaranolol a farkon shekarun 1960, ya kuma sami lambar Nobel a 1988. Yau akwai danginsa da yawa, irin su atenolol da bisofurolol. (Ka sani, a jikin kwalin magani da rubutun Turanci ake rubuta waɗannan sunaye, don haka harufan za su ɗan bambanta da yadda ka gan su a nan.) Suna iya tayar wa mai asma ciwonsa, kuma ba a daina shan su farat ɗaya, domin zuciyar da aka daɗe ana riƙe wa linzami takan zabura idan aka sake ta.

Don maido da tsari kuwa, akwai amiyodaron, wanda aka fara haɗawa a Beljiyam a farkon shekarun 1960. Magani ne mai ƙarfi, amma yana da tsada ga jiki. Yana ɗauke da sinadarin ayodin da yawa, saboda haka yakan rikita ƙullutun nan na wuya wanda idan ya kumbura ake kira maƙoƙo. Yana iya taɓa huhu da hanta. Kuma yakan zauna a jiki har tsawon watanni bayan an daina sha. Shi ya sa mai shan sa ke komawa asibiti a kai a kai don awon jini.

A nan ya kamata ka ji labarin wani kuskure da masana suka yi, domin ya canza yadda ake kallon wannan fanni gaba ɗaya. Likitoci sun lura cewa waɗanda suka tsira daga toshewar jijiyar zuciya, idan suna yawan samun bugu na ƙari, sun fi saurin mutuwar fuju'a. Sai suka yi tunanin cewa idan aka ba su maganin da ke kashe bugun ƙarin, za a ceci rayukansu. Tunanin ya yi kama da gaskiya, kuma takardar ECG ta riƙa fitowa da kyau. Da aka zo aka gwada a Amurka, aka ba wasu magungunan, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, sai aka tarar waɗanda suka mutu cikin masu shan magani sun ninka na ɗaya ɓangaren fiye da sau biyu. A 1989 aka dakatar da ba su magunguna biyu daga cikin waɗanda ake gwadawa. Tun daga lokacin likitoci suka rage gaggawar ba da magani don kawai takarda ta nuna tsallen bugu. Da yawa daga masu irin wannan tsalle ba sa bukatar komai sai bayani da rage shayi mai kauri, kofi, goro da lemon ƙara kuzari.

Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. Ɗakin da ba ya matsewa sosai, jini yakan kwanta a lungunsa, kuma jinin da ya kwanta yakan daskare. Idan gudan jinin ya ɓalle ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, sai ya toshe hanya. Nan take baki ya karkace, magana ta harɗe, hannu da ƙafa na gefe ɗaya su mutu. Karkarwar ɗakunan sama tana ninka haɗarin wannan kusan sau biyar. Maganin da aka daɗe ana bayarwa don hana daskarewa shi ne wafarin, kuma asalinsa abin mamaki ne. A shekarun 1920 shanu a Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci wata harawa da ta ruɓe. Masana a jami'ar Wiskonsin suka gano sinadarin da ke jawo haka. A 1948 aka fara sayar da wani nau'insa a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane.

Shan wafarin sai da kula. Idan ya yi kaɗan ba zai kare ba, idan ya yi yawa dasashi zai riƙa zubar da jini, haɓo ya ƙi tsayawa. Ana yin awon jini mai suna INR, kuma ga yawancin marasa lafiya ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ganye irin su alayyahu da zogale suna ɗauke da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin maganin. Ba a ce mutum ya daina cin ganye ba. Abin da ake so shi ne kada ya ci kwaɗon zogale kullum a wannan mako, ya kuma ƙaurace masa a mako mai zuwa. Akwai sababbin magunguna, irin su afizaban da ribarozaban, waɗanda ba sa bukatar yawan awo, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihun mutane da yawa.

Tushen matsalar a ƙasarmu

A Nijeriya, babban abin da ke gajiyar da zuciya har lantarkinta ya rikice shi ne hawan jini. Ana cewa mutum yana da shi idan awonsa ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye. Ba ya yin sallama. Mutum zai shekara goma da shi bai sani ba, alhali bangon zuciyarsa yana kauri, ɗakunan sama suna faɗaɗa. Don haka maganin hawan jini da aka sha yau, rigakafin rikicewar bugu ne na gobe.

A wannan fage Abuja tana da abin alfahari. An daɗe ana ba 'yan Afirka haɗin magungunan da aka gwada galibi a kan Turawa. Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja da asibitin koyarwarta da ke Gwagwalada ya jagoranci wani gwaji a ƙasashe shida na Afirka, aka sa mutum 728 a ciki, aka kwatanta haɗi uku na magunguna bibbiyu har tsawon wata shida. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa haɗi biyun da ke ɗauke da amlodifin sun fi saukar da jini. Daga 2020 kuma, Jami'ar Abuja tare da abokan aikinta na Amurka suka fara wani shiri a ƙananan asibitoci 60 na Babban Birnin Tarayya. An horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su auna jini su ba da magani bisa wani tsari mai sauƙi: a fara da amlodifin, idan bai isa ba a ƙara losatan. Amfanin wannan a fili yake. Manomi a Kwali ko Abaji ba sai ya kashe kuɗin mota zuwa Babban Asibitin Ƙasa da ke tsakiyar birni ba don a ba shi ƙwayar da zai sha kullum.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya sha maganin wata ɗaya, ya ji garau, ya ce ya warke. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne. Maganin yana danne shi ne kawai, ranar da aka daina sai ya dawo. Idan akwai mai shan irin wannan magani a gidanku kuma azumi ya gabato, ya je wurin likita a tsara masa lokacin sha tsakanin buɗa baki da sahur, kada ya ajiye shi sai bayan salla. Haka nan a duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwali kafin a saya, a kuma guji maganin da ake talla a faranti cikin rana a tashar mota. Gishiri ma abin lura ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram biyar a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a miya yawancinsa gishiri ne.

Akwai wani tushen da ya shafi sa'o'inka kai tsaye. Wani nau'in ciwon maƙogwaro da ke kama yara 'yan makaranta, idan ba a yi maganinsa ba, yakan sa garkuwar jiki ta juya ta afka wa ƙyamaren zuciya. Bayan makonni yaro ya yi zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Bayan shekaru ƙyauren ya ƙanƙance ko ya riƙa yoyo, ɗakin da ke bayansa ya faɗaɗa, karkarwa ta biyo baya, alhali mutum bai kai shekara talatin ba. Fenisilin, wanda ba shi da tsada, yana hana wannan idan aka ba da shi tun ciwon yana maƙogwaro. Wanda ya riga ya kamu kuwa, ana yi masa allurarsa duk bayan mako uku ko huɗu, shekara da shekaru. Idan ƙyauren ya ƙanƙance sosai kuma karkarwa ta shigo, wafarin ne har yanzu likitoci ke zaɓa, ba sababbin magungunan ba.

Inda ƙwaya ba ta da amfani

Yawancin abin da muka faɗa a kan ɗakunan sama ne. Idan karkarwar ta kama ɗakunan ƙasa, jini ya daina fita ke nan. Mutum zai faɗi cikin daƙiƙoƙi, kuma ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan 'yan mintoci. Ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas, ana tsakiyar wasan Nijeriya da Angola, bai sake tashi ba. Shekararsa 25. Binciken da aka yi wa gawarsa ya nuna zuciyarsa ta yi girma fiye da kima. Kusan shekara 32 bayan haka, ranar 12 ga Yuni, 2021, Christian Eriksen na Danmak ya faɗi a fili a Kofanhagan. Nan take aka shiga danna ƙirjinsa, aka kawo na'urar da ke ba zuciya girgizar lantarki, bugunsa ya dawo. An dasa masa ƙaramar na'ura a ƙirji, kuma a shekarar da ta biyo ya koma buga ƙwallo.

Danna ƙirji ba aikin likita kaɗai ba ne, kai ma za ka iya. Idan wani ya faɗi a gabanka, ka kira sunansa ka girgiza kafaɗarsa bai amsa ba, kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, kada a tsaya yayyafa masa ruwa ko ɗura masa wani abu a baki. Nuna mutum ɗaya ka ce ya kira 112 ko ya nemo mota. Kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri. Durƙusa a gefensa, ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a bisa, gwiwar hannu a miƙe. Danna da ƙarfi har ƙirjin ya nutsa kimanin santimita biyar, ka sake shi ya taso, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, wato kusan sau biyu a kowace daƙiƙa. Hannunka zai gaji bayan minti biyu. Wani ya karɓe ka, ku riƙa canji har ma'aikatan lafiya su iso ko mutumin ya fara numfashi da kansa.